Connect, Pair, Link, Sync, Merge: Ba Kowace "Haɗawa" Ce Ɗaya Ba

A kan allon kowace wayar zamani akwai wasu kalmomin Turanci da Bahaushe ya tattara ya ba su suna ɗaya. Connect, Pair, Tether, Link, Sync, Merge, Join, Attach. A kasuwar waya, a shagon caji, a zauren WhatsApp na 'yan aji, duk wanda aka tambaya ma'anarsu amsarsa ɗaya ce: haɗawa. A haɗa waya da sifika, a haɗa layi da NIN, a haɗa hotuna da Gmail, a haɗa lambobin da suka maimaitu. Fassarar ba ƙarya ba ce, tunda kowace kalma a cikinsu tana kusantar da abu biyu. Sai dai kama da wane ba ta wane. Wata haɗawar da an yi nisa da na'ura ta warware. Wata tana nan daram har bayan an sayar da wayar. Wata tana buɗe wa baƙo ƙofar karanta saƙonnin mutum. Wata kuma idan aka yi ta, an yi ke nan.

Ya kamata matashin da ke riƙe da waya ya daina kallon waɗannan kalmomi a matsayin abu ɗaya, kuma ya kamata masu gyaran waya, masu shirye-shiryen fasaha a rediyo da masu fassara manhajoji su daina dunƙule su cikin kalma guda. Maganar ta wuce ta iya Turanci. Hotuna, data, kuɗin asusu da sirrin mutum duk suna rataye a kan wannan bambanci.

Connect: buɗe hanya na ɗan lokaci

Connect ita ce mafi sauƙi. Ma'anarta a buɗe hanya tsakanin na'ura biyu domin bayani ya riƙa wucewa, kamar yadda ake jona wayar wuta a soket. Muddin jonin yana nan wuta na tafiya, da an zare ta tsaya. Wayar da ta hau Wi-Fi, wayoyi biyu da ke tura fim ta Xender, waya da kwamfuta ta igiyar USB, duk Connect ne. Kowace na'ura tana nan yadda take, hanya kawai aka buɗe.

Abin da ke rikita mutane shi ne zaton cewa buɗe hanya daidai yake da isa inda za a je. Shi ya sa wayar Android kan rubuta "Connected, no internet", mai ita kuma ya yi ta faɗa da waya. Abin da take nufi shi ne ta isa wurin na'urar da ke raba Wi-Fi, amma ita na'urar ba ta da intanet, wataƙila data ta ƙare ko sabis ya ɗauke. Famfo ne aka jona da tankin da babu ruwa. Wanda ya gane wannan ba zai kai lafiyayyar waya wurin mai gyara ba.

Pair: sabo da ba ya gogewa da kansa

Asalin kalmar Pair abu biyu ne da ke tafiya tare, irin abin da masu kiwon tantabara ke kira aure. A Bluetooth, Pair shi ne gabatarwar farko. Na'urorin biyu suna musayar wani mabuɗin sirri, kowace ta adana shi, domin gobe su gane juna ba tare da tambaya ba. Wannan ne dalilin da wani lokaci lambobi shida ke fitowa a allon duka biyun a nemi a tabbatar iri ɗaya ne, tsofaffin na'urori kuma su nemi 0000 ko 1234. Ana yin Pair sau ɗaya, ana yin Connect kullum. Na'ura tana iya kasancewa Paired alhali ba Connected take ba, kamar abokin da aka sani amma ba ya gari.

Muhimmancin wannan yana fitowa a mota. Idan aka yi Pair da rediyon mota, waya kan tambaya ko a ba motar damar ganin lambobin mutane da tarihin kira. Da yawa suna latsa amincewa don sauri, waƙa kawai suke son ji. Motar kan kwafi lambobin ta ajiye a nata ƙwaƙwalwar. Mai waya ya sauka, ya kashe Bluetooth, ya ɗauka magana ta ƙare. Connect ne ya yanke, Pair yana nan, kuma a wasu motocin sunayen suna nan har sai an goge wayar daga jerin motar. Disconnect sallama ce ta yau kawai. Mai son raba gari sai ya nemi Unpair ko Forget, a wayar da kuma ɗaya na'urar.

Tether: an ɗaure wani a turken datarka

Tether a tsohon Turanci igiya ce da ake ɗaure dabba da ita a turke, ta yi kiwo iya tsawon igiyar. A waya kuwa, wata na'ura ce ake ɗaurewa ta ci daga datar mai wayar, ta hotspot, ta USB ko ta Bluetooth. Bambancinta da Connect na yau da kullum shi ne akwai mai biya. Kwamfutar da aka ba hotspot tana iya ɗaukarsa Wi-Fi ne na gida marar iyaka, ta fara sauke sabuntawar Windows da loda fayiloli a bayan fage, datar wata guda ta tafi kafin la'asar. Maganin yana cikin saitin Windows, inda ake kunna Metered connection domin kwamfutar ta san ana auna abin da take sha. Tun da Hukumar Sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni ƙarin farashi na kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, babu wanda ya kamata ya ba da hotspot da tunanin "haɗawa ce kawai".

Link: sarƙar da ke ɗauke da suna

Link zobe ɗaya ne na sarƙa. Abu biyu suna nan kowanne da kansa, amma an ƙulla su ta yadda idan aka ja ɗaya, ɗayan zai biyo. Ba ruwan Link da kusa ko nesa, ba ruwansa da waya a kunne take ko a kashe, domin ƙullin a rubuce yake a rumbun bayanan wani kamfani ko wata hukuma.

'Yan Najeriya sun san wannan kalma a jikinsu. A watan Disambar 2020 gwamnati ta ba da umarnin ƙulla kowane layin waya da lambar NIN, lokacin Isa Ali Pantami yana ministan sadarwa. A watan Afrilun 2022 aka hana miliyoyin layukan da ba a ƙulla ba yin kira, aka kuma sa 14 ga Satumban 2024 a matsayin wa'adin ƙarshe. A cikin wannan turmutsitsi, mutane da dama sun ara wa ɗan'uwa ko maƙwabci NIN ɗinsu "a haɗa masa layi". Da kalmar da aka yi amfani da ita ta nuna nauyin abin, da wasu sun tsaya sun yi tunani. Layin da aka ƙulla da NIN ɗin mutum, a wurin hukuma nasa ne. Idan aka yi damfara ko barazana da shi, sarƙar sunan mai NIN za ta fara jawowa.

Haka abin yake da banki. Lambar BVN, wadda Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a 2014, da asusun ajiya duk suna ƙulle da lambar waya. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi, kamfani kan karɓe ya sake sayar wa wani. Yar da sim bai tsinke sarƙar ba. Idan ba a je banki an canza lambar ba, saƙon shigar kuɗi da lambobin sirri na wucin gadi suna iya ci gaba da sauka a hannun baƙo.

Sai kuma Linked devices na WhatsApp, inda rashin fahimta ya fi tsada. WhatsApp yana barin a ƙulla har na'urori huɗu da asusu ɗaya, ta hanyar ɗaukar hoton lambar QR ko shigar da wasu haruffa takwas. Na'urar da aka ƙulla tana karɓar saƙonni da kanta ko da babbar wayar tana kashe, kuma muddin ana amfani da na'urar, ba ta fita don kanta sai babbar wayar ta yi kwana 14 ba a yi amfani da ita ba. Wanda ya ɗauka wannan irin haɗawar Bluetooth ce zai zaci da ya bar wurin ta yanke. Ba ta yankewa. Minti ɗaya da buɗaɗɗiyar waya a hannun wani ya isa. Akwai kuma shafukan bogi da ke cewa a shigar da wasu haruffa a WhatsApp domin ganin hoto ko karɓar kyauta, alhali haruffan na ƙulla na'urar ɗan damfara ne. Satar lambobi shida na rajista tana fitar da mai asusu waje, nan take ya san an cuce shi. Link kuwa yana barinsa a ciki yana ta hira, wani na gefe yana karantawa.

Masu waya da Faransanci a Maraɗi ko Damagaram ma ba su tsira ba, domin a can wannan sashe "Appareils connectés" ake rubuta shi, kalmar da ke kama da ta hawa Wi-Fi.

Sync: madubi, ba rumbu ba

Sync gajarta ce ta kalmar da ta samo asali daga Girkanci, daga "tare" da "lokaci". Hoton da ya fi dacewa da ita shi ne lugude: taɓarya biyu a turmi ɗaya, kowace na bin motsin 'yar'uwarta. Idan aka kunna Sync, abin da ya faru a nan zai faru a can. An ƙara lamba a waya, ta bayyana a asusun Google. An gyara suna a kwamfuta, ya gyaru a waya. An goge a nan, ya gogu a can. Wannan na ƙarshen shi ne abin da kalmar "haɗawa" ba ta faɗa wa kowa.

Matashi ya ga wayarsa ta cika. Ya tuna an ce masa hotunansa "suna haɗe da Gmail". Ya buɗe Google Photos ya zaɓi hotunan biki da na sunan ɗan yayarsa ya latsa kwandon shara, da tunanin akwai kwafi a sama. Gogewa daga cikin manhajar tana cire hoton daga waya da kuma asusun gaba ɗaya. Hoton zai zauna a kwandon na ɗan lokaci, daga nan ya tafi har abada. Maɓallin da yake nema shi ne Free up space, wanda ke cire kwafin da ke waya kawai ya bar na asusun. A iPhone ma haka ne: muddin iCloud Photos yana kunne, hoton da aka goge a waya ya gogu a duk na'urorin da ke kan asusun, kuma kwana 30 kacal yake yi a Recently Deleted.

Backup daban, Sync daban. Backup na gaskiya rumbu ne: an kwafi abu an ajiye a gefe, gobarar da ta ci ɗaki ba ta kai gare shi ba. Sync madubi ne, duk abin da ya sami fuska zai nuna. Kamfanonin ma suna da nasu laifin a nan, domin Google Photos ya daɗe yana kiran saitin "Back up & sync" kafin ya mayar da shi "Backup" kawai, alhali gogewa tana bin ɓangarorin biyu. Mai son hotunansa su tsira sai ya ajiye kwafi na uku a katin ƙwaƙwalwa, a filashi ko a kwamfuta, inda babu lugude.

Sync yana da wata fuskar. Wanda ya sayi sabuwar waya ya bari aka sa masa Gmail ɗin mai shago ko na wani aboki don a sauke masa manhajoji, lambobinsa za su iya kwarara zuwa wancan asusu, na wancan su kwararo masa. Wanda ya shiga Chrome a kwamfutar kafe ya kunna Sync, kalmomin sirrinsa da tarihin shafukan da ya buɗe sun sauka a kwamfutar da kowa ke zama a kai.

Merge: an dama fura da nono

Merge ta fito daga kalmar Latin mai nufin nutsawa. Abu biyu ne ke shiga juna su zama ɗaya, kamar Kogin Kwara da Binuwai a Lakwaja: daga nan zuwa teku babu mai iya ware ruwan wannan daga na wancan. A duk kalmomin nan ita ce ta fi bukatar a tsaya a karanta kafin a latsa, domin sau da yawa wani abu yana salwanta a cikinta.

Misali mafi kusa shi ne lambobin waya. Manhajar Google Contacts tana da Merge & fix, wanda ke nemo sunayen da take zaton mutum ɗaya ne ta ba da shawarar a dunƙule su. A ƙasar da kowane gida ke da Muhammad, Abubakar, Aisha da Fatima, amincewa da duk shawarwarin a dunƙule ganganci ne. Idan mutum biyu masu suna ɗaya suka koma kati ɗaya mai lamba biyu, saƙon sirri na iya zuwa inda bai kamata ba. Tunda kuma a manhajoji irin su OPay lambar waya ce lambar asusu, kwafo lambar da ba ita ba yana nufin tura kuɗi ga wanda ba shi ba, idan ba a duba sunan da ya fito ba. A iPhone akwai Link Contacts, wanda ke nuna katunan biyu a matsayin ɗaya amma kowanne yana nan, ana iya raba su da Unlink. Google kuma yana da Undo changes, wanda ke mayar da lambobi yadda suke a baya, amma iyakarsa kwana 30.

A Facebook, mai sana'ar da ke da shafi biyu yana iya yin Merge ɗinsu. Mabiya za su taru a shafin da aka zaɓa, amma rubuce-rubuce da hotunan ɗaya shafin za su gogu, kuma ba a warwarewa. Wannan ya sha bamban da ƙulla Facebook da Instagram a Accounts Center, inda kowane asusu yake zaman kansa kuma ana iya cire shi. A Excel, idan aka yi Merge na gidaje biyu masu rubutu, na sama ta hagu kawai ke tsira, sauran ya tafi. Manhajar tana yin gargaɗi, amma wanda ya sa a ransa "haɗawa" yake yi ba zai tsaya karanta gargaɗi ba.

Har a kiran waya akwai Merge calls, mai mayar da kira biyu zaure ɗaya inda kowa ke jin kowa. A farkon 2025 hukumar da ke kula da tsarin biyan kuɗi na UPI a Indiya ta yi gargaɗi kan damfarar da ake yi da shi: ɗan damfara yana kan layi, sai ya ce wani abokinsa na kira a haɗa su, alhali kiran na biyu na'urar banki ce ke karanto lambar sirri. Dabarar ba ta bukatar biza kafin ta iso nan, tunda WhatsApp ma yana iya karanto lambar rajista ta kiran murya.

Join da Attach

Join shiga ce cikin abin da ya riga ya kafu. Mutum ɗaya ne ke shiga taro, taron kuma ya gan shi. Wanda ya latsa Join a zauren WhatsApp, wanda ke iya ɗaukar mutum 1,024, ya sani cewa lambarsa kan fito ga mutanen da bai taɓa gani ba. Follow a tashar WhatsApp ba haka yake ba, sauran mabiya ba sa ganin lambar.

Attach maƙalawa ce, kamar takardar da aka maƙala a jikin wasiƙa. Kwafi ne ke tafiya, kuma da ya isa ya zama na wanda aka aika wa. Link na fayil kuwa kwatancen gida ne: fayil ɗin yana wurin mai shi, an dai nuna hanya. Gmail yana karɓar maƙalawa har megabayit 25, abin da ya wuce haka sai ya mayar da shi Link na Google Drive. Mai neman aiki ko gurbin karatu da aka ce ya yi Attach na takardunsa, ya tura Link ɗin da bai buɗe izininsa ba, abin da mai dubawa zai gani shi ne "Request access", kuma mai takardu ɗari a gabansa ba lallai ya tsaya roƙon izini ba. Wanda kuma ya saita takardar shaidarsa a kan "Anyone with the link" ya bar ƙofa a buɗe ga duk wanda kwatancen ya faɗa hannunsa.

Masu rubuta manhaja ba sa wasa da wannan

Abin lura shi ne, mutanen da ke ƙera waɗannan manhajoji ba sa yarda a cakuɗa musu kalmomin a wurin aikinsu. A harshen JavaScript, idan 500 da 200 suka shigo a matsayin lambobi, alamar tarawa za ta ba da 700. Idan suka shigo a matsayin rubutu, za ta ba da 500200, domin jera su ta yi ɗaya bayan ɗaya. Wannan jerawar sunanta Concatenate, daga kalmar Latin mai nufin sarƙa, kuma duk mai koyon rubuta manhaja yana saninta tun makonnin farko. A harshen SQL na rumbun bayanai, JOIN yana ɗauko layi daga wannan jadawali da layi daga wancan ta hanyar wata lamba da suka yi tarayya a kai, ya nuna su tare, jadawalan kuma ba a taɓa su ba. A Git, manhajar da Linus Torvalds ya rubuta a 2005, idan aka zo Merge aka tarar mutum biyu sun gyara layi ɗaya, aikin tsayawa yake yi cak har sai ɗan Adam ya zaɓi wanda za a bari.

Wato masu sana'ar sun tanadar wa kansu kalma daban ga kowane aiki, da birki a inda ake iya asara. Mai waya kuwa an bar shi da maɓalli mai shuɗin launi da kalmar da aka fassara masa da "haɗa". Wannan rashin adalci ne, kuma gyaransa ba ya bukatar digiri.

Masu cewa an cika tsanani

Akwai masu ganin wannan duk ɓata lokaci ne. Hujjarsu ta farko ita ce mutane ba sa karanta allo, alama da launi suke bi, kuma kalma ɗaya ta fi sauƙin koyarwa. Gaskiya ne sauƙi yana da daraja. Amma sauƙin da ke sa mutum ya goge hotunan mahaifiyarsa da hannunsa, ko ya ara wa wani sunansa a gaban hukuma, bashi ne da za a biya daga baya. Yaron da ya haddace sunayen 'yan wasan Barcelona da na benci ba zai gaza riƙe kalma takwas ba.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: su kansu kamfanonin ba su tsaya a kan magana ɗaya ba. Wurin hawa Wi-Fi, Android na cewa Connect, iPhone na cewa Join. AirPods na nuna Connect a lokacin da ainihin abin da ake yi Pair ne. Idan masu Turancin ma suna cakuɗawa, me zai sa a takura wa Bahaushe? Amsar ita ce wannan ruɗani dalili ne na ƙara kula. Kalmar da ke allo ishara ce ta farko, kuma a mafi yawan lokuta tana faɗin gaskiya: da wuya a ga Merge a inda babu abin da zai narke, ko Sync a inda gogewa ba ta bin ɓangare biyu. Inda kalmar ta yi rauni, tambayoyi uku suna cike giɓin. Wa zai ga me bayan an latsa? Idan aka goge a nan, zai gogu a can? Ana iya warwarewa, kuma a ina maɓallin warwarewar yake? Duk wanda bai sami amsar ukun ba, bai kamata yatsansa ya sauka ba.

Hausa ba ta rasa kalmomi ba

Babban abin takaici shi ne matsalar ba daga talaucin harshe take ba. Hausa ta fi Turanci ma rarrabe irin waɗannan ayyuka a rayuwar yau da kullum. Mai gyaran lantarki jonawa yake yi. Tela ɗinkewa yake yi. Mai fura damawa take yi. Makiyayi ɗaurewa yake yi a turke. Magini liƙawa yake yi. Babu wanda ke ce wa matar da ke dama fura tana jona ta da nono. Sai da aka zo waya ne aka ajiye duk wannan arziki aka riƙe kalma ɗaya.

Ana iya cewa jona a wurin Connect, ƙulla sabo a wurin Pair, ƙulla a wurin Link, daidaita a wurin Sync, dunƙule ko gauraya a wurin Merge, shiga a wurin Join, maƙala a wurin Attach, raba data a wurin Tether. Ba dole waɗannan su zama na ƙarshe ba, bakin jama'a ne zai tace su. Abin da ake bukata shi ne kowace ta ɗauki nauyinta: mai jin "gauraya" ya san ba a warewa, mai jin "ƙulla" ya san sai an kwance. Google Translate ya sa Hausa tun 2013, Facebook ya biyo baya a 2016, kuma yawan manhajojin da ke magana da Hausa ƙaruwa yake yi. Kalmomin da masu fassara da masu bidiyon koyarwa a TikTok da YouTube suka zaɓa yau, su ƙannen da ke tasowa za su gada.

Kafin wannan ya tabbata, aikin yana hannun mai waya, kuma bai fi na minti biyar ba. Ya buɗe Linked devices a WhatsApp ya fitar da duk na'urar da bai gane ba. Ya duba jerin Bluetooth ya goge motoci da sifikokin da ya daɗe da rabuwa da su. Ya duba wane asusun Google ne ke kan wayarsa, kuma wa ya san kalmar sirrinsa. Ya tabbatar lambar da banki ke tura wa saƙo tana hannunsa. Gobe kuma idan wani ya ce ya kawo waya a haɗa masa wani abu, ya tambaya wace irin haɗawa.